Daga Tsibiri Zuwa Danja: Tarihin Murna Da Wadar Zuci A Wurin Kiristocin Ƙasar Maraɗi

Akwai tambayar da abokan aikina malamai suka sha yi mini, wani cikin raha, wani da gaske: wai ku Kirista me kuke yi wa murna ne? Ga ku 'yan tsiraru, ba ku da sarauta, yawancinku talakawa kamar kowa, amma ranar Lahadi sai a jiyo ganga da guɗa daga majami'arku kamar ana biki, har a wajen jana'iza waƙa kuke yi. Wasu kan ba kansu amsa da cewa ai kuɗin Turawa ne ke shigo mana. Duk wanda ya san gidajen Kiristocin karkarar Madarumfa, ya leƙa rumbunansu a watan Yuli, ba zai faɗi haka ba.

Ni malamin makaranta ne, ba fasto ba, don haka ba wa'azi na zo yi ba. Tarihi zan bi, na shekaru kusan ɗari, tun daga zuwan 'yan mishan Tsibiri har zuwa yau. Abin da na gani a cikinsa shi ne, iyayenmu sun raba abubuwa biyu da mu yanzu muke cakuɗawa: kuka da gunaguni. Kuka ana kai shi ne wurin wanda zai iya share hawaye, a faɗi abin da ya faru, a nemi gyara. Gunaguni kuwa magana ce ta ƙasa-ƙasa a bayan ido, ba ta isa kunnen mai gyara, sai dai ta cika kunnen yaran gida. Iyayenmu sun kai kuka sau da yawa, wani lokaci ma da zafi. Gunaguni ne suka ɗauka zunubi. Wannan bambanci ya shafi duk mai rainon yaro, Musulmi ne shi ko Kirista.

Masomin abin

Ƙasar nan tamu ta daɗe da sanin asara da sake gini. Katsinawan da jihadin Shehu Usmanu ya raba da Birnin Katsina a farkon ƙarni na 19 su ne suka kafa sarautar Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. A nan Madarumfa, kaburburan waliyyai 99 da ke kewayen tabki sun isa shaida irin zurfin da Musulunci ya yi a ƙasar. Kirista baƙin jiya ne a wannan tarihi, kuma har yau ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba a Nijar.

A watan Disamba na 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasashen da a lokacin Turawa ke kira Sudan, wato namu na bakin Sahara. Cikin 1894 rashin lafiya ta kashe Gowans da Kent, Bingham ya koma gida shi kaɗai. Sai a 1902 ƙungiyar tasu, wadda aka sani da Sudan Interior Mission ko SIM a taƙaice, ta samu kafa tasharta ta farko a Patigi, a bakin kogin Kwara. Daga Najeriya suka hauro, suka isa Damagaram a 1924, suka zauna a Tsibiri a 1927.

Ba wanda ya shimfiɗa musu tabarma. Faransawa masu mulki suna yi musu kallon 'yan leƙen asirin Ingila, tunda Ingilishi suke ji kuma daga ƙasar da Ingila ke mulka suka fito. Malamai da sarakuna kuma suna da nasu dalilin na yin kaffa-kaffa. Waɗanda suka fara bin su ba manyan gari ba ne: masu aikin gidan mishan, marayu, marasa lafiyar da suka zo neman magani, da ɗaiɗaikun masu neman sani. Wanda ya karɓi sabon addinin yakan rasa matar aure a dangi, wani a hana shi gado, wani a daina sa hannu a kwano ɗaya da shi. In akwai mutanen da ke da dalilin yin mita dare da rana, to su ne.

Abin da ya shigo hannunsu a 1932 shi ne Littafi Mai Tsarki da aka fassara dukansa da Hausa, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya yi babban ƙoƙari a kansa. Da wannan littafi da yawa daga cikin kakanninmu suka koyi karatun boko, tun kafin su san kalma ɗaya ta Faransanci. Labarai biyu daga cikinsa su ne tsofaffinmu suka fi maimaita mana idan zancen haƙuri ya taso.

Na farko 'yan'uwanmu Musulmi sun san shi sarai, domin yana cikin Suratul Baƙara. Bani Isra'ila ne a jeji bayan an cece su daga Fir'auna, ana saukar musu da mannu da salwa, amma suka dinga mita suna tuna albasa da kayan lambun Masar. Sun manta da bulala da tubalin bauta, albasa kaɗai suka tuna. Haka gunaguni yake, yakan gyara jiya ya ɓata yau.

Na biyu labarin Manzo Bulus ne da abokinsa Sila a birnin Filibi, wanda kufansa ke ƙasar Girka ta yanzu. An yi musu dūka a bainar jama'a ba tare da shari'a ba, aka jefa su kurkuku aka sa musu turu, amma da tsakar dare sauran fursunoni suka ji su suna addu'a suna waƙa. Galibi a nan masu ba da labarin suke tsayawa. Sauran labarin kuwa shi ne, da gari ya waye mahukunta suka aiko a sallame su a ɓoye, Bulus ya ƙi fita. Ya ce shi da abokinsa suna da 'yancin 'yan ƙasar Roma, an dūke su ba bisa doka ba, saboda haka waɗanda suka yi laifin su zo da ƙafarsu su fitar da su. Suka kuwa zo suka ba su haƙuri. Mutumin da ya yi waƙa da dare shi ne ya nemi haƙƙinsa da safe. Shi ne kuma daga baya, yana wata kurkukun, ya rubuta wa mutanen Filibi wasiƙa mai babi huɗu wadda zancen murna ya fito a cikinta fiye da sau goma, inda ya gaya musu cewa zama da wadar zuci a ƙoshi da yunwa abu ne da ya koya. Koya ya ce, kamar yadda ake koyon saƙa ko ƙira. Abin da ake koya kuwa ana iya koyar da shi, shi ya sa zancen ya zama namu, malamai da iyaye.

Danja da kutare

Ba za a fahimci Kiristocin wannan yanki ba sai an bi ta kan kuturta. A ƙasar Hausa kuturu yana da matsayinsa sananne: yana da unguwarsa, yana da sarkinsa, yana da ƙoƙon bararsa, kuma ana tausaya masa daga nesa. A shekarun 1930 hukumomin Arewacin Najeriya suka damƙa wa SIM kula da wuraren jinyar kutare na Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. A ɓangarenmu, bayan asibitin Galmi da aka buɗe a 1950, sai aka kafa na kutare a Danja a 1956, kudu da Maraɗi kan hanyar Ɗan Isa, cikin gundumarmu ta Madarumfa. Iyalai da dama na Kirista a wannan yanki, har da nawa, in ka bi salsalarsu za ka iske ta ratsa ta Danja.

Lokacin ya zo daidai da canji a fannin magani. Tun 1873 wani likita ɗan ƙasar Norwe, Gerhard Hansen, ya gano ƙwayar cutar, amma an daɗe ba a samu maganin kirki ba. A ƙarshen shekarun 1940 aka tabbatar da amfanin ƙwayar dafson, wadda ake sha shekara da shekaru, wani har iyakar ransa. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magani uku, wanda ke warkar da cutar cikin wata shida zuwa shekara, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi. Yau wanda ya ga tabo mai haske a fatarsa, wanda ba ya jin taɓawa a wurin, in ya je asibiti da wuri zai warke da yatsunsa goma cif.

Akwai wani abu game da cutar nan da mutane da yawa ba su sani ba. Ba ita ke cin yatsu kai tsaye ba. Jijiyoyin jin zafi take kashewa. Sai mace ta ɗauki tukunya daga murhu hannunta na ƙonewa ba ta sani ba, namiji ya taka ƙaya ya yini yana noma a kanta, miki ya ruɓe, ƙashi ya lalace. Wani likitan fiɗa ɗan Ingila, Paul Brand, da ya yi aiki a Indiya, shi ya fi kowa bayyana wannan. Shi ya sa a wuraren jinya ake koya wa majinyata su duba hannuwansu da ƙafafunsu kowace yamma, su jiƙa su a ruwa, su shafa mai, su riƙa ɗaukar abu mai zafi da tsumma, domin ido ya yi musu aikin da jijiya ta daina yi.

Gwaggona, yayar mahaifina, ta yi jinya a Danja tun kafin zuwan haɗin magani ukun nan, ta fito da rabin yatsunta. Ban taɓa sanin mace mai fara'arta ba. Ita ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata, tana buga tulu da dungun hannunta, kuma ba a fara cin tuwo a gidanta sai kowane yaro ya faɗi abu ɗaya da ya gode wa Allah a kansa a wannan yini. Amma ba ta da haƙurin sauraren mita. In wani daga cikinmu ya zauna yana zagin malaminsa ko mai gonar da ya yi wa ƙwadago, sai ta katse shi: "Kai ɗan nan, ka hwaɗa ma mai gyarawa? In ba ka hwaɗa mai ba, ni mi za ni yi maka?" In kuwa yaro ya ji ciwo ya ɓoye don kada a ce masa rago, nan ne faɗanta yake kaiwa maƙwabta. Takan ɗaga hannunta ta ce da tana jin zafi da yatsunta na nan.

Ban taɓa jin bayanin wadar zuci da ya fi wannan ba, har a makarantar horon malamai. Mai wadar zuci yana jin zafi, yana janye hannunsa daga wuta, yana neman magani, amma zafin bai zama shi ne sunansa ba. Wanda ya daina jin komai ba mai haƙuri ba ne, majinyaci ne.

Danja ta sake koya mana wannan darasi ta wata fuska. A 2012 aka buɗe cibiyar gyaran mata masu yoyon fitsari a harabar asibitin. Mafi yawan matan da ake kawowa can doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kwana biyu ko uku yarinya tana ɗaki ana ce mata ta yi haƙuri, ta yi kunya, kada a ji muryarta. Irin wannan haƙuri da ake ɗora wa mai rauni don kada a wahalar da masu ƙarfi, babu addinin da ya yi umarni da shi.

Kukan makaranta

Wanda ya ɗauka cewa Kiristocin farko 'yan amshin shatan Turawa ne bai san tarihinsu ba. Babban saɓaninsu da 'yan mishan a kan karatun yara ne. SIM ta fi son koyar da karatun Hausa domin mutum ya iya karanta Littafi Mai Tsarki ya yi wa'azi a ƙauye, tana gudun kada ilmin zamani ya janye matasa zuwa birni da aikin gwamnati. Ga kuma dokar Faransa ta 1922 wadda ta ce duk makaranta mai zaman kanta a yankin Afirka ta Yamma da ke hannunta sai ta koyar da Faransanci, da malamai masu takardar shaida, abin da yawancin 'yan mishan ɗin ba su da shi. Sakamakon haka, yaran Kirista suka iya karatun Hausa tsaf, amma ba su da takardar da za ta ba su aikin akawu ko malamin asibiti, alhali makarantun gwamnati da na Katolika suna yaye waɗanda za su riƙe ƙasa bayan tafiyar Bature.

Iyayen ba su yi shiru ba. Sun yi ta kai kuka a taron ikilisiya, sun yi gardama da waɗanda suka yi musu baftisma, wasu suka kai 'ya'yansu lakkwal ta gwamnati ko da ba a so. Baturiya 'yar Amurka, Barbara Cooper, wadda ta yi shekaru tana bincike a Maraɗi, ta rubuta wannan ja-in-ja dalla-dalla a littafinta na 2006 kan Kiristocin yankin. A ƙarshe an samu makarantun firamare masu koyar da Faransanci a hannun Kirista, kuma a daidai lokacin da Nijar ta samu 'yancin kai a 1960 ikilisiyoyin suka haɗu a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta 'yan ƙasa, EERN. Da iyayen nan sun ɗauka cewa wadar zuci na nufin karɓar duk abin da aka miƙo, da irina ba mu riƙe alli ba.

Ba kuma kullum aka dace ba. A ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 saɓani kan shugabanci ya tsaga ƙungiyar, wasu suka fita suka kafa nasu, har aka samu 'yan uwa ɗaya uba ɗaya da suka daina shiga majami'a guda. Dattawan da suka ga wannan zamani sukan ce maganganun da aka daɗe ana yi a zaure da bakin rijiya, ba a kawo su gaban taro ba, su ne suka taru suka fashe. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

El Buhari da kututture

Duk wanda ya haura shekara arba'in da biyar a yankin nan yana da labarin yunwar 1984 zuwa 1985, wadda muke kira El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Janar Buhari ta yi a watan Afrilun 1984. Damina ta ƙi, hanyar Jibiya da muke dogaro da ita ta toshe. Kafin nan ma fari na 1973 zuwa 1974 ya riga ya karya mutane. Gonaki sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi, har manomi ya yi shuka sau uku ko huɗu a damina ɗaya, mata suna dafa abinci da kara da kashin shanu.

Maganin da kowa ya sani a lokacin shi ne dashen itatuwa. A yi renon dogon yaro da turare a leda, a ɗauko su a mota, a dasa, rani ya zo su mutu ko awaki su cinye. Wani ma'aikacin SIM ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya zo Maraɗi a farkon shekarun 1980, ya yi ta wannan aiki har ya kusa fid da rai. A 1983, yana kan hanyar ƙauye da mota cike da dashe, ya tsaya rage iskar taya don ya wuce rairayi, sai hankalinsa ya kai kan ƙananan tsirran da ke warwatse a gonaki, waɗanda kowa ke sassabewa kafin damina. Da ya duba ganyensu da kyau sai ya gane ba ciyayi ba ne. Tohon kututturen itatuwan da aka sare ne, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ba a bukatar leda ko ban ruwa. A zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a kare su daga wuta da dabbobi, shi ke nan.

Manoma sun yi dariya da farko, domin gona mai tsabta ita ce alamar manomin kirki. Ga kuma tsoron ma'aikacin gandun daji, wanda zai ci mutum tara in ya sare reshen itacen da shi ya raina a gonarsa. Sai da aka kai wannan kuka ga hukuma aka sassauta. A lokacin yunwar aka haɗa aikin da rabon abinci a ƙauyuka kusan ɗari. Da yunwa ta wuce da yawa suka sare nasu, amma waɗanda suka bari suka ga bambanci: itacen girki a kusa, ganye da 'ya'yan gawo ga dabbobi, inuwa, iska ta rage dūkan shuka. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Aka raɗa wa abin suna sassabin zamani. Bayan shekara ashirin masu bincike suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, kuma a 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood tare da Yakuba Sawadogo, manomin nan na Burkina Faso.

Manoman da suka yi wannan aiki kusan dukansu Musulmi ne, kuma kalgo da sabara ba su san addinin mai gona ba. Na kawo labarin ne domin ya nuna abin da gunaguni ke yi wa ido. Muddin hankali na kan abin da babu, kuɗin dashe, motar ban ruwa, taimakon waje, ba a ganin abin da ke ƙarƙashin fartanya. Mai wadar zuci yakan fara da ƙirga abin da ke hannunsa, kuma sau da yawa a cikin ƙirgar ne mafita take fitowa.

Shekarar 2005 ta nuna ɗaya gefen. Fari da fara sun taɓa amfanin gona, farashin hatsi ya yi tashin da talaka ba zai iya ba, dubun dubatar yara masu tamowa suka cika cibiyoyin Likitoci Na Gari Na Kowa a jihar Maraɗi, amma shugaban ƙasa na lokacin, Mamadu Tanja, ya musanta cewa ana yunwa. Iyaye matan da suka goyo 'ya'yansu suka fito fili su ne suka cece su. Rufin asiri yana da iyaka.

Ranakun wuta

Jarrabawa mafi tsanani ga wannan tarbiyya ta zo ne da wuta. A watan Nuwamban 2000, zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai ta rikiɗe a Maraɗi, aka far wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu, aka kai hari majami'ar Vie Abondante da harabar SIM. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga, tarzoma ta tashi a Damagaram da Yamai. Mutum 10 suka mutu, kuma 'yan sanda suka ce majami'u 45 aka ƙona a Yamai kaɗai. Kiristocin Nijar ba su da hannu a zanen, da yawansu ma ba su taɓa jin sunan jaridar ba. A watan Yunin 2019 kuma aka cinna wa wata majami'a wuta a unguwar Zariya ta Maraɗi, bayan kama wani limami.

Abin da ya biyo bayan 2015 ya cancanci a koya wa yara. Shugabannin ikilisiyoyi, na Katolika da na sauran ɗariƙu, suka yi kira da a yafe, kada kowa ya rama. Jama'a suka koma sujada a cikin gine-ginen da suka ƙone, wasu a ƙarƙashin rumfa, da waƙoƙinsu. A lokaci guda suka nemi hukuma ta yi bincike, ta ba su kariya. Shugaba Mahamadu Isufu ya la'anci abin da aka yi, aka yi zaman makoki na kwana uku. Kuma ba za mu manta da Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunan matansu ba. Wannan ma tarihi ne, kuma yaron da aka ba labarin wuta aka ɓoye masa labarin maƙwabcin da ya buɗe ƙofa, an ba shi rabin gaskiya, rabin da ke haifar da ƙiyayya.

Mu da yaranmu

Ba wanda zai ce zamaninmu ba shi da nauyi. 'Yan bindiga sun hana ƙauyukan Gabi da Safo da Sarkin Yamma da Ɗan Isa barci, ana sace mutum a nemi fansa, ana kora shanun noma. An rufe iyaka a 2019, an sake rufe ta a 2023, kowane rufi kuma a tukunyar talaka yake ƙarewa. Malami yana shiga ajin zana, yara sun yi masa yawa, littafi ɗaya yara huɗu, albashi wani lokaci sai ya ga dama. Duk wannan gaskiya ne, kuma akwai inda ya kamata a kai shi: ƙungiyar malamai, kwamitin iyayen yara, magajin gari, mai gari, gidan rediyo. A kai shi da suna da kwanan wata da adadi, a koma a sake kaiwa in ba a ji ba.

Inda bai kamata a zube shi ba shi ne kan yaro ɗan shekara tara. Yaron da yake jin mahaifinsa kullum yana cewa ƙasar nan ta mutu, ya je lakkwal ya ji mushe yana cewa karatu ba ya da amfani yanzu, ba zai yi mana gardama ba. Zai yarda da mu. Ranar da ya kai shekara goma sha biyar ya ajiye allo ya kama hanyar Libiya ko ramin zinariya, kada mu tambayi wanda ya hure masa kunne.

Abin da na gada daga mutanen Danja ba shi da tsada. A gida, kafin a ci abinci kowa ya ambaci alheri ɗaya na wannan yini, ko da ruwan sanyi ne a randa. In yaro ya zo da ƙara, a saurare shi har ƙarshe, sannan a tambaye shi wa zai iya gyarawa, a raka shi wurinsa in abin ya fi ƙarfinsa. In ya ce wani wuri na yi masa ciwo, a jiki ko a zuci, kada a rufe masa baki da "yi haƙuri" kafin a duba. A aji kuma, ranar da babu alli, malami ya fita da yara ƙarƙashin itace su yi lissafi da tsakuwa, ya kuma rubuta wasiƙar neman allin a gabansu su ga yadda ake yi. Musulmi zai kira wannan ƙana'a da shukura, mu mu kira shi wadar zuci da godiya. Yaron da ya tashi da shi zai iya yin waƙa a cikin wahala, kuma ba zai ji tsoron neman haƙƙinsa ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo mana zaman lafiya a iyakokinmu, ya shirya mana zuriya.